Kolbasar shagon Likita a Maraɗi: nama ya yi, amma mai saye yana buƙatar bayani a rubuce

A unguwar Ali Ɗan Sofo, a wani layi da bai yi nisa da titin kwalta ba, akwai ƙaramin shago da ke sayar da wani irin nama wanda har yanzu baƙo ne ga yawancin mutanen Maraɗi, wato niƙaƙƙen nama da aka cuɗa da kitse da gishiri da kayan yaji, aka ɗura shi cikin hanji, sannan aka ƙyafe shi da hayaƙi har ya nuna. Mai shagon dattijo ne, tsohon likitan dabbobi da ya ajiye aikin gwamnati, kuma kowa a layin Likita yake ce masa. Ra'ayina game da kayansa shi ne, aiki ne na wanda ya san nama tun daga dabba tana tsaye, kuma ya cancanci kuɗin da ake biya. Amma akwai wani babban giɓi a yadda ake miƙa shi ga mai saye, kuma wannan giɓin ya samo asali ne daga sunayen da ake kiran abin da su, domin kowane suna yana sa mutum ya zaci wani abu dabam.

A jikin allon shagon an rubuta “kolbasa”. Ma'aikata da ɗaliban jami'a da ke tsayawa da yamma “sosis” suke cewa, kamar yadda suka ji a Faransanci. Matasan da suka zauna a Yamai ko Agadas, da waɗanda suka taɓa zuwa ci-rani Aljeriya, “marges” suke tambaya. Likita kuwa bai taɓa barin sunan da ya koya ba, domin a birnin Kazan na ƙasar Rasha ya yi karatunsa a zamanin Tarayyar Sobiyet, lokacin da ɗalibai daga Nijar da sauran ƙasashen Afirka suke samun gurbin karatu a can, kuma a wajen Tatar, waɗanda Musulmi ne, ya ga yadda ake yin wannan nama da sa da rago ba tare da an kusanci alade ba.

Kalmar da ya rataya a ƙofarsa tsohuwa ce, kuma ta yaɗu a harsunan gabashin Turai da ɗan bambancin lafazi. Mutanen Rasha suna cewa kolbasa, mutanen Polan suna cewa kiełbasa, a ƙasar Cek klobása ake cewa, a Hangari kuma kolbász. Masana asalin kalmomi ba su haɗu a kan magana ɗaya ba, amma bayanin da aka fi maimaitawa shi ne cewa daga harsunan Turkawa ta shigo, daga kül bastı, inda kül ke nufin toka, bastı kuma ke nufin an danna, wato naman da aka danna a kan toka mai zafi don ya gasu. Har gobe akwai abincin da ake kira külbastı a Turkiyya, kuma gasasshiyar tsoka ce shimfiɗaɗɗiya, babu hanji a cikin lamarin. Akwai masu danganta kalmar da Ibrananci, kol basar, ma'ana dukkan nama ko kowane irin nama, kuma duk wanda ya yi karatun allo zai ji kusancin kol ɗin nan da kullu ta Larabci. Wannan bayani na biyu yana da daɗin ji, sai dai bai samu karɓuwa wajen masana kamar na farko ba. Abin da ya fi amfani ga mai saye shi ne yadda ma'anar ta sauya da tafiya. A Polan kalmar tana ɗaukar duk wani naman da aka ɗura a hanji, ƙyafaffe ko ɗanye ko busasshe, har da farar kiełbasa wadda ba ta ga hayaƙi ba, wadda suke ci a lokacin bikin Ista na Kirista. Da mutanen Polan suka yi ƙaura zuwa Amurka da yawa daga ƙarshen ƙarni na 19, musamman birnin Cikago, sai ma'anar ta ƙuntata a bakin Amurkawa, ta koma sunan nau'i ɗaya kawai, wato mai kauri, mai tafarnuwa, ƙyafaffe, wanda aka lanƙwasa aka ɗaure bakinsa biyu. Abin da Likita yake yi ya fi kusa da wannan ma'ana ta ƙarshe.

Na tsaya a kan wannan ne domin a ƙasashen da kalmar ta fito, naman alade shi ne asalin abin da ake ɗurawa. Shahararriyar kolbasar Rasha da ake kira Doktorskaya, wadda aka fara yi a 1936, haɗin naman sa ne da na alade da ƙwai da madara, kuma dafa ta ake yi. Saboda haka Musulmin da ya ci kolbasa a shagon Likita ya ji daɗinta, sannan wata rana ya ga irin sunan a jikin leda a wani babban kanti a ƙasar waje, bai kamata ya ɗauka abu ɗaya ba ne. Ko da an rubuta naman sa ko na kaza a jikin leda, akwai sauran tambaya game da hanjin da aka ɗura shi ciki, domin hanjin alade shi ne aka fi amfani da shi a Turai ga masu kauri irin wannan. A wannan fannin shagon Likita ba shi da abin zargi. Daga kwatar gari yake ɗauko namansa da sassafe a hannun rundawan da ya sani tun yana duba dabbobi, hanjin rago yake amfani da shi ga sirara, na sa ga masu kauri, kuma duk wanda ya nemi gani zai nuna masa su a cikin bokitin gishiri.

Sauran sunayen biyu ba su da wuyar bayani. Sosis daga saucisse ta Faransanci take, ita kuma daga kalmar Latin da ke nufin abin da aka sa wa gishiri, don haka suna ne na gama-gari wanda bai ce komai ba game da hayaƙi ko irin dabba. Marges kuwa abu ne takamaimai na Arewacin Afirka, kuma tsohon abu ne, domin akwai yadda ake haɗa shi da sunan mirkas a littafin girki na Andalus da Magrib na ƙarni na 13. Ya bazu a Faransa tare da mutanen da suka ƙaura daga Aljeriya kafin da kuma bayan samun ƴancin ƙasar a 1962. Shi siriri ne, ja wur saboda jan barkono da harisa, wato niƙaƙƙen haɗin barkono na can, ana sayar da shi ɗanye a gasa shi nan take, kuma ba a ƙyafe shi. Na ga saurayi ya nemi marges a shagon, yaron shago ya miƙa masa kolbasa bai ce komai ba, ya ci ya ce babu yaji, ya tafi yana ganin an rage masa wani abu. Ba a cuce shi ba, amma ba a ba shi abin da ya tambaya ba, kuma jimla ɗaya daga bakin yaron da ta warware matsalar.

Inda shagon ya fi burge ni shi ne bayan gida, wurin da ake aikin. Likita yana fara niƙa tun bayan sallar asuba, kafin rana ta ɗaga, kuma naman da kitsen duka daga firigo suke fitowa da sanyinsu, har bakin injin niƙan ma sai ya kwana a cikin sanyi. Dalilinsa shi ne idan kitse ya yi laushi lokacin niƙa, shafewa yake yi a jikin tsoka, sai ya tsiyaye a wuta ya bar naman a bushe yana warwatsewa. A garin da zafi yake wuce digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, wannan kulawa ita ce rabin sana'ar. Yana cire jijiya da hannu kafin a niƙa, yana auna gishiri a kan sikeli maimakon ya ɗiba da tafin hannu, kuma a madadin ruwa ƙanƙara yake zubawa lokacin cuɗawa, har haɗin ya riƙa manne wa tafin hannu idan an kifa shi. Kitsen da ya fi so shi ne na tozo, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na haɗin. Kayan yajin ba su da yawa: tafarnuwa da masoro da ɗan kanumfari da citta kaɗan. Bayan an ɗura, yana bin kowace ɗaya da allura yana huda inda iska ta maƙale, sannan a rataye su har fatar ta bushe ta daina sheƙi, domin hayaƙi ba ya kama jiƙaƙƙen hanji da kyau.

Wurin ƙyafar ɗan ɗaki ne na bulo wanda bai wuce tsayin mutum ba, da ƙofar ƙarfe da sanduna a sama, murhun kuma yana waje, hayaƙin yana shiga ta wani bututu, saboda haka harshen wuta ba ya taɓa naman kuma kitse ba ya ɗiga a garwashi. Gawayi ne ke ba da zafi, hayaƙin kuma daga busassun rassan mangwaro yake, waɗanda masu lambu a bakin Gulbi suke sassabewa. Ba ya amfani da itacen dogon yaro saboda ɗacinsa, kuma ba ya karɓar guntayen katako daga wajen kafintoci domin ba a san wanda aka shafa wa fenti ko maganin gara ba. Kafin ya sauke, yana soka ma'aunin zafi a tsakiyar mafi kauri daga cikinsu, kuma ba ya yarda sai ya ga digiri 72, sannan ya tsoma su a ruwan ƙanƙara don fatar kada ta yamutse. Ban san wani mai sayar da nama a garin nan da ke auna zafin cikin nama ba, kuma wannan kaɗai ya isa a yaba masa.

A baki, ta naman sa ita ce gwanar. Fatarta launin ƙasa-ƙasa ce mai duhu, tana ƙaras idan haƙori ya shige ta, cikinta kuma ja-ja ne a haɗe, da ɗigo-ɗigon farin kitse da ake gani sarai idan an yanka. Hayaƙin ya shiga amma bai kai ga ƙauri ba, tafarnuwar tana fitowa daga baya, romon kuma yana nan a ciki bai gudu ba. Wanda ya saba da tsire zai ji rashin ƙuli-ƙuli da tonka a cizon farko, kuma shagon ya yi dabara da yake ajiye yaji a gefe ga mai so, maimakon a cusa shi a cikin haɗin ya danne hayaƙin. Ta rago tana da daɗi ƙwarai da zafinta, amma da ta huce kitsen yana daskarewa ya manne a ganɗa, don haka ba abin ɗauka a tafi da shi ofis ba ne. Ta akuya ce ban gamsu da ita ba. Na fahimci abin da ya sa Likita yake son ta, domin jar akuyar Maraɗi abin alfaharinmu ce kuma ya yi shekaru yana aiki a kanta, amma naman akuya ba shi da kitse, kuma tun da ya ƙi haɗa shi da kitsen sa don ya tsaya a akuya zalla, abin yana fitowa a bushe, gishirin kuma yana yin gaba har ya kusa zartsi. Ko ya ƙara mata tozo ya faɗa wa mutane, ko ya bar akuya ga masu balangu.

Da yamma yaran shagon suna gasa ta a kan waya su sa a cikin dogon burodi da albasa, a kan dala 100, wato sefa 500. Albasar mai kyau ce, irin ja ta Galmi, amma mayonez ɗin da suke lafta wa ya yi yawa har ya rufe ɗanɗanon da aka kwana ana nema, kuma ya kamata su tambayi mai saye kafin su zuba. Rabin kilo na ɗauka zuwa gida jika 4 ne, wato sefa 4000, wanda ya fi kuɗin ɗanyen nama nesa, sai dai idan aka lissafa jijiya da ƙashin da aka cire, da nauyin da ya ragu a hayaƙi, da kuɗin sanyi, ban ga zalunci a farashin ba. Wurin yana da tsabta, akwai raga a tagogi saboda ƙuda, wanda ke karɓar kuɗi ba shi ne ke taɓa nama ba, kuma firigon yana da faifan hasken rana da batir don lokacin da wuta ta ɗauke. Wurin zama benci biyu ne kawai a waje.

Yanzu ga abin da ya dame ni. Ana naɗe kolbasar a farar leda a miƙa wa mutum babu ko harafi ɗaya a jiki: babu ranar da aka yi ta, babu irin naman, babu yadda za a ajiye ta. Mu kuwa a nan abin da muka sani game da naman da ya sha hayaƙi shi ne banda, kuma abin da muka sani game da sarrafaffen nama shi ne kilishi irin na Tasawa da Gidan Rumji da Madawa, wanda ake sa wa a jaka a yi doguwar tafiya da shi ba tare da tunanin sanyi ba. Kilishi yana daɗewa ne saboda an shimfiɗa shi siriri an busar da shi har ruwan jikinsa ya ƙare, banda ma bushewa ce ke tsare ta. Kolbasa irin ta Likita da danshinta take, kuma cikinta a rufe yake babu iska. Uwar gida da ta ji ƙamshin hayaƙi ta ɗauka banda ce, ta sa ta a kwano ta rufe ta tura ƙarƙashin gado har kwana biyu a watan Mayu, ta jefa iyalinta cikin hatsari ba da saninta ba. Turawa sun sha wannan wahala kafin su gane ta. Tsakanin 1817 da 1822 wani likita Bajamushe, Justinus Kerner, ya rubuta bayanin mutanen yankin Württemberg da suka mutu ko suka shanye bayan cin irin wannan nama da ya lalace, kuma sunan cutar, botulizim, daga botulus ya fito, kalmar Latin ta naman da aka ɗura a hanji. Sai bayan wani abin da ya faru a ƙauyen Ellezelles na Beljiyam a 1895 ne Emile van Ermengem ya gano ƙwayar cutar da ke haddasa ta, wadda take bunƙasa daidai inda babu iska. Gubarta tana kama jijiyoyi, ta fara da gani biyu-biyu da nauyin fatar ido da wahalar haɗiya, kuma tana iya kaiwa ga tsayar da numfashi.

Likita ya san duk wannan fiye da ni, shi ya sa yake amfani da gishirin nitrit da yake sayowa daga waje, wanda sinadarin da ke cikinsa bai kai kashi 1 cikin 100 ba, kuma shi ne ke hana wannan ƙwayar cuta tashi, shi ne kuma ke ba cikin naman launin ja-jan nan. Amma nitrit ba ya maye gurbin firigo. Da na yi masa maganar, na ce, “Baba Likita, wanda ya saya daga hannunka kana yi masa bayani, to wanda aka aiko yaro fa, ko wanda aka kai wa tsaraba?” Sai ya ce, “Malam, gaskiyarka, amma rabin masu sayen ba za su karanta ba.” Wannan amsa ba ta gamsar da ni ba. Ɗan guntun takarda da aka buga da Hausa, a boko da ajami, mai ɗauke da kwanan wata da sunan dabba da gargaɗin a sa a firigo ko a cinye a ranar, ba zai ci kuɗin kirki ba a wajen masu buga takardu na cikin gari, kuma a kowane gida ba a rasa mai karanta ɗaya daga cikin rubutun biyu. A kan takardar ce kuma zai iya rubuta, a ƙarƙashin kolbasa, cewa ƙyafaffen naman sa ne a hanjin sa, wanda zai raba gardamar sosis da marges gaba ɗaya.

Akwai kuma maganar yawan ci, wadda ta shafi duk wani nama irin wannan ko wane ne ya yi shi. A 2015 cibiyar binciken cutar kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya sarrafaffen nama, wanda aka sa wa gishiri ko nitrit ko aka ƙyafe, a rukunin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa kansar hanji, ta kuma ƙiyasta cewa cin giram 50 a kowace rana yana ƙara hatsarin da kusan kashi 18 cikin 100. Wannan ba dalilin ƙaurace wa shagon ba ne, amma dalili ne na mayar da kolbasa abin marmari na lokaci-lokaci, kuma masu hawan jini su yi la'akari da gishirin da ke ciki.

Wanda zai je, ya je da safe lokacin da Likita da kansa yake wurin, ya tambayi ranar da aka sauke wadda za a ba shi, ya zaɓi ta naman sa idan karonsa na farko ne. Idan an kai gida a sa ta a firigo nan take, a cinye cikin ƴan kwanaki, abin da zai wuce haka kuma a daskarar da shi. Wajen ɗumamawa kada a huda fatar kuma kada a ɗora a wuta mai ƙarfi, domin fashewa za ta yi romon ya zube. Garwashi mai sanyi ko kasko da ɗan mai kaɗan ya wadatar. Idan an yanka ta ƙanana an jefa a dafa-duka ko a cikin wake ana gab da saukewa, a rage gishirin girkin, domin nata zai fita ya shiga tukunyar. Gidan da babu firigo kuwa ya sayi daidai abin da za a ci a ranar.